Siminti, daɓe ko tsakuwa: wanne ya fi dacewa da ɗakin ajiye harawa?

Makiyayin_Gabasawa
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena da ke cikin wannan zaure, da fatan an yi kaka lafiya. Shawara nake nema a kan wani ɗaki da na gina a bayan gidanmu domin ajiye abincin dabbobi. Tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4, ginin bulo ne da rufin kwano, amma ƙasansa har yanzu turɓaya ce, ban yi mata komai ba. Niyyata ita ce in tara harawar wake da ta gyaɗa tun yanzu da suke da sauƙi, in haɗa da dammunan ciyawa irin waɗanda inji ke matsewa idan na samu, in ciyar da ragunan layya da shanun huɗa har ciyawar damina ta tsiro, abin da ya ragu kuma in fitar da shi kasuwa a bazara. Maginin da ya yi mini aikin ya ce in zuba siminti in huta. Mahaifina ya ce daɓen gargajiya ya wadatar, domin da shi suka tashi. Wani abokina kuma ya ce in baza tsakuwa kawai. Kuɗin da ya rage mini na aiki ɗaya ne, shi ya sa nake so in ji daga bakin waɗanda suka gwada kafin in kashe shi.

Dattijon_Garko
Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa albarka a cikin abin da ka gina. Ni dai tun tasowata ban taɓa ganin manomin da ya san darajar harawa ya jibge ta a ƙasa ba, ko da kuwa ƙasar ta sha daɓe. Idan an nannaɗe ta an ɗaure, a tsakanin rassan gawo ko tsamiya muke ɗora ta, ko a kan soro, ko a kan rumfar da aka kafa wa dirkoki masu ƙwari. Yara suna zaton don tsoron awaki ne kawai muke wannan wahala. Awaki suna ciki, amma babban dalilin shi ne gara da laima, sannan kuma iska tana ratsawa ta ƙarƙashi ta ci gaba da busar da abin da bai gama bushewa ba. Rumbun hatsi ma ai a kan duwatsu ake ɗora shi, ba wanda ke zaunar da gindinsa a ƙasa. Saboda haka shawarata ita ce ka fara tunanin gadon da harawar za ta hau, maganar abin da za a shimfiɗa a ƙasa ta biyo baya.

Magini_Wudil
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka tana kan hanya, sai dai shi wannan bawan Allah ya riga ya gina ɗaki, kuma ɗakin da ƙasansa turɓaya ce gidan gara da ɓera ne. Ga yadda muke yin aikin idan mai shi yana son abin da zai daɗe. Da farko a kwashe turɓayar sama, domin tana ɗauke da saiwoyi da tarkacen da gara ke bi. A yi ciko da jar ƙasa ko marmara, ana yayyafa ruwa ana dannewa kaɗan-kaɗan, har cikin ɗakin ya ɗara ƙasar waje tudu da aƙalla ƙafa ɗaya. Daga nan a zuba kankare mai kaurin inci 4, haɗinsa siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Ɗaki mai mita 6 da 4 zai ci wajen buhu 15 na siminti a wannan kaurin, sai ka auna da farashin garinku. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7, kuma sai ya kai kwana 28 yake kama cikakken ƙarfinsa. Wanda ya rage siminti ya yawaita yashi domin neman sauƙi, kafin shekara biyu zai ga daɓen yana farfashewa, gara kuwa ta cikin tsagar take fitowa.

Hajiyar_Kiwo_Kiyawa
Malam Magini, ni ɗakina na siminti ne, kuma bai hana ni asara ba. Harawar gyaɗa na tara a kai kai tsaye, ta yi hunturu lafiya lau, koriya shar, ƙamshinta har tsakar gida. Da aka yi ruwan farko na sa yara su fara ɗebo ta ƙasa, sai muka tarar damin da ke manne da simintin ya yi baƙi, ganyen ya liƙe da ƙasa sai da aka kankare shi da fartanya, wani farin gari kuma yana tashi yana shaƙe mutum. Na miƙa wa rago ya shinshina ya kau da kai. Rufin bai yi yoyo ba, ruwa bai shigo ta ƙofa ba, amma sahun ƙasa gaba ɗaya ya tafi. Shi ya sa nake ganin maganar Baba na Garko ita ce abin dubawa.

Magini_Wudil
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ina da tambaya ɗaya: shin an shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin kankaren kafin a zuba shi? Ina kyautata zaton ba a yi ba, domin maginanmu da yawa ba sa yi sai mai aiki ya nema. Siminti a ido kamar dutse yake, amma yana da ƙananan kafofi, kuma yana jan laimar ƙasa zuwa sama kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Idan ɗakin a fili yake, iska tana kwashe laimar ba a ma sani ba. Idan aka danne shi da harawa, laimar ba ta da hanyar fita sai cikin damin da ke kai. Ledar da aka sa a ƙasa, aka haɗa bakinta da juna sosai aka ɗan tayar da gefenta a jikin bango, ita ce ke yanke wannan hanya.

Hajiyar_Kiwo_Kiyawa
Ba a sa leda ba, gaskiya ne. To amma mu da aka riga aka yi mana ba tare da ita ba, fasa ɗakin za mu yi? Ni abin da na koma yi shi ne jera bulo na ɗora itatuwa, kuma tun daga nan sahun ƙasa bai sake lalacewa ba.

Malamin_Gona_Minjibir
Assalamu alaikum. Ina so in ƙara wani abu a kan abin da Hajiya da Magini suka faɗa, domin sau da yawa ana ɗora wa daɓe laifin da ba nasa ba ne. Laimar da ke ɓata harawa ba daga ƙasa kaɗai take zuwa ba. Akwai wadda harawar ta shigo da ita a jikinta. Ganyen wake da na gyaɗa suna saurin bushewa, amma karan yana riƙe ruwa, sai mutum ya taɓa ganye ya ji yana ƙaras-ƙaras ya ɗauka an gama. Abin da masana abincin dabbobi ke so shi ne ruwan da ke jikin ciyawar ajiya ya sauka zuwa wajen kashi 15 cikin 100. Idan ya haura kashi 20, fumfuna za ta kama ta, tulin ya ɗauki zafi daga ciki, ko a kan wane irin daɓe aka ajiye shi. Dammunan da inji ya matse sun fi shiga wannan haɗari, saboda an danne su ƙam, iska ba ta ratsa su yadda take ratsa harawar da aka nannaɗe da hannu.

Manomi ba ya buƙatar na'ura kafin ya gane. Ya ɗebi cikin hannu daga tsakiyar dami ya murɗa: idan karan ya karye yana ƙara, ta bushe, idan kuwa ya lanƙwashe ya ƙi karyewa, ko ɓawonsa ya saɓule da an karce shi da farce, to da saura. Bayan an tara kuma, a makonnin farko, a riƙa soka dogon ƙarfe cikin tulin a bar shi kamar minti 20. Idan aka zaro shi ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a gaggauta warware tulin a waje, kuma a tanadi ruwa a kusa kafin a fara, domin ciyawa mai ɗanshi tana iya kamawa da wuta da kanta ba tare da kowa ya ƙyasta ashana ba.

Mu a nan Kano da Jigawa hunturu yana rufa mana asiri. Daga Nuwamba zuwa Maris iska a bushe take ƙwarai, kusan duk inda ka ajiye harawa za ta zauna. Jarrabawar tana farawa ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, lokacin da iskar damina ta fara kaɗawa, kuma a daidai wannan lokacin ne harawa ta fi tsada, dabba ta fi buƙatarta. Babbar Sallah ta 2025 a farkon Yuni ta faɗo, kuma kowace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, wato masu kiwon layya na wasu shekaru masu zuwa a tsakiyar bazara za su fi cin abin da suka tara. Wanda zai ƙarar da tasa kafin ruwa ya sauka, buƙatarsa daban take da ta wanda zai riƙe har Agusta.

Ɗan_Auyo
Duk wannan bayani na mutanen tudu ne. Mu da ke bakin kogin Haɗeja, tambayarmu ta farko ita ce tsayin wurin, kafin a zo ga abin da aka shafe shi da shi. A ambaliyar 2020 da ta 2022 na ga ɗakunan siminti masu kyau da ruwa ya shiga ya kwanta a ciki, kuma simintin ne ma ya hana shi tsanewa da wuri. Ko a shekarar da ba a yi ambaliya ba, ruwan ƙasa a wajenmu kusa yake, za ka ga gindin bango ya yi fari-fari da gishiri yana ɓarewa. Saboda haka ya kamata Malam na Gabasawa ya gaya mana yanayin filinsa. Jigawa ce mai rairayi, ko kuwa laka ce da ruwa ke kwanciya?

Makiyayin_Gabasawa
Na gode ƙwarai da wannan tambaya. Wajenmu jigawa ce, ruwa ba ya kwana a ƙasa, rijiyarmu ma tana da zurfi. Abin da ya fi damun mu shi ne gara, domin akwai suri a gonar da ke jikin gidan. Kuma ina so in riƙe wani kaso har tsakiyar damina saboda shanun huɗa.

Gwaggon_Ɓaɓura
Ɗana, kada ka raina maganar mahaifinka. Daɓen da iyayenmu mata suke yi ba wasa ba ne. Marmara ake samowa a baza, a yayyafa ruwa, mata su taru da madaɓai su yi ta bugu har sai tsakuwar ta nutse fuskar ta yi sumul. Sannan a jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa shafa ruwanta ana sake bugawa, har daɓen ya yi duhu yana sheƙi. Ɗakin mahaifiyata da irinsa ta yi zamanta, ana share shi kullum bai taɓa tashi ba. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma idan wani wuri ya fashe, da kanka za ka gyara. Abin da ba zan ɓoye maka ba shi ne, ɗakin da ake kwana a ciki ana ganin gara da zarar ta ɓullo, a kashe ta. Ɗakin da aka cika da harawa aka rufe wata da watanni, babu idon da ke kanta, kuma daɓe ba zai tare ta ba. Tunda ka ce akwai suri kusa, in za ka yi daɓe to lalle ne ka ɗaga kayan sama.

Mai_Harawa_Dambatta
Ni sana'ata ke nan, ina saye a ƙauyuka da kaka ina kaiwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi, wani lokaci har Maigatari ranar Alhamis. Ina roƙon Malam ya cire tsakuwa daga lissafinsa, kuma ga dalilina. Kuɗin harawa a ganye yake. Mai saye yana ɗaga dami ya girgiza ya duba ganye, idan kara ya yi yawa sai ya karya farashi. Duk lokacin da aka ɗaga dami aka sauke, ganye yana kakkaɓewa. A kan siminti, idan na kwashe tuli, ina share garin ganyen nan in cika buhuna, kuma masu kiwon raguna sun fi son sa domin suna cuɗa shi da dusa da kowar wake. A kan tsakuwa kuwa, garin zai shige tsakanin duwatsu, ba ya sharuwa, can zai ruɓe ya zama abincin gara da shimfiɗar ɓera. Ko wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓi siminti.

Injiniya_Kazaure
Alhaji, ka faɗi aibin tsakuwa, bari in faɗi amfaninta domin a yi mata adalci. Tsakuwa manya da aka wanke, aka baza da kaurin inci 4 zuwa 6, ba ta jan laima zuwa sama, saboda ramukan da ke tsakaninta sun yi faɗin da ruwa ba zai iya hawa ba. Ta wannan fuska ta fi simintin da ba a sa wa leda ba. A rumfar da ba ta da bango, inda feshin ruwa ke shigowa, tsakuwa ta fi dacewa domin ruwan yana zurarewa. Amma a ɗaki rufaffe, kuma ga harawa mai zubar da ganye, na yarda da kai. Wurin da ya fi dacewa da ita shi ne ƙarƙashin kankaren, a sa ta, a bi da yashi kaɗan don kada ta huda leda, sannan leda, sannan kankare.

Matashin_Manomi_Gezawa
Don Allah ina da tambaya. Me zai hana a bar ƙasar yadda take a shimfiɗa babbar leda ko tamfol a kai, a ɗora harawar? Ai ya fi komai sauƙi.

Malamin_Gona_Minjibir
Ƙanena, leda a sama tana tare laimar ƙasa, amma tana tare wadda ke saukowa daga harawar ma. Duk ruwan da ya ɗiga, ko gumin da tulin ya yi, a kan ledar zai taru, damin ƙasa ya kwana a ciki. Ga shi kuma karan wake yana huda ta, gara tana cin ta, ƙarƙashinta kuma wuri ne mai sanyi da kunama ke so. Idan za a yi amfani da ita, a shimfiɗa ta a ƙasa, a jera bulo a kanta, a ɗora itace, harawar ta hau itacen. A haka tana da amfani sosai, kuma ita ce hanya mafi arha ga wanda ba shi da kuɗin siminti a bana.

Direban_Sharaɗa
Ga masu zuwa birni, akwai katakon da masana'antu ke ɗora kaya a kai, wanda ake kira falet. Ana samun tsofaffinsa a wajen masu sayar da katako da ke kusa da Sharaɗa da Bompai da Challawa. Tsayinsa daga ƙasa wajen inci 5 zuwa 6 ne, iska tana wucewa, kuma ana iya ɗaga shi a share ƙasa a mayar. A duba abu biyu kafin a saya. Waɗanda suka zo daga ƙasashen waje suna da hatimi a gefe: mai HT da zafi aka gasa shi, mai MB kuwa da hayaƙin guba aka yi masa magani, gara a bar shi tunda abincin dabba za a ɗora. Kuma a guji wanda ya sha mai ko wani sinadari da ba a san ko mene ne ba. Sai ƙusoshi, a bi su ɗaya bayan ɗaya a cire masu motsi.

Likitan_Dabbobi_Ringim
Maganar ƙusa da Malam Direba ya kawo ba ƙarama ba ce. Saniya ba ta tsince abinci yadda akuya ke yi, da harshe take naɗowa ta haɗiye. Ƙusa ko guntun waya idan ya shiga, yana zama a tumbinta na biyu, wanda ke dab da zuciya, kuma yana iya hudawa ya kai ga jakar zuciyar. Sa ne zai daina cin abinci, ya ƙi tafiya, ya tsaya ya gantsare yana nishi, mai shi ya rasa dalili. Wannan ya shafi wayar da ake ɗaure dami da ita ma, a riƙa tattara ta a fitar da ita daga ɗakin.

Game da harawar da Hajiya ta ce ta yi fumfuna, ina roƙon jama'a kada su ce za su shanya ta a rana su ba dabba don gudun asara. Rana tana busar da ita, amma ba ta cire dafin da fumfunar ta riga ta zuba. Harawar gyaɗa ta fi ban tsoro, saboda ragowar ƙwanson gyaɗar da ke maƙale a jiki yana iya ɗaukar gubar da ake kira afulatoksin, wadda ke lalata hanta, kuma tana fita a cikin nonon saniya ta kai ga yaran da ke sha. Abinci mai fumfuna yana iya sa saniya mai ciki ta yi ɓari. Shi kansa mai kwashewa ya rufe hancinsa, domin farin garin nan yana cutar da huhu. Wadda ta lalace a kai ta ramin taki.

Matashin_Manomi_Gezawa
Mu a garinmu baƙin man inji muke shafa wa itace saboda gara, kuma yana aiki. Ba za a iya shafa wa katakon ba?

Likitan_Dabbobi_Ringim
A ƙafar da ke taɓa ƙasa kaɗai, idan ya zama dole. Kada ya kusanci inda harawa za ta kwanta, domin tsohon man inji yana ɗauke da dattin ƙarafa masu guba, kuma warinsa yana kama abinci har dabba ta ƙi ci. Haka nan maganin gara da ake sayarwa a kasuwa, wurinsa cikin ƙasa ne kafin a yi daɓe, ba a fesa shi a kan harawa.

Dattijon_Garko
Falet ɗin nan na gan shi a wajen wani maƙwabcina, katako ne mai taushi, gara tana son sa. Mu abin da muka sani shi ne azara. Azarar giginya da ta ƙosa gara ba ta cika damun ta ba, shi ya sa ake rufin soro da ita ta shekara da shekaru. A jera bulo mai inci 9 a ƙasa sahu-sahu, a gitta azara a kai, a bi da ƙananan sanduna ko karan dawa mai kauri. Tsayin nan ya isa tsintsiya ta shiga, kyanwa ta shiga, kuma mutum ya durƙusa da fitila ya leƙa. Gara ba ta tafiya a fili, sai ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin bulon tukuna. Idan kana leƙawa duk mako za ka ga jan layin nan yana hawa, ka kankare shi ka zuba toka, shi ke nan. Falet mai inci 5 ba ya ba ka wannan damar.

Mai_Harawa_Dambatta
Baba, azara ta yi tsada yanzu, giginyar ma ta ragu. Sandunan darbejiya su ne a hannun kowa. Ni ma dai na rage ajiye dami, yawanci ina sa a daddaka harawar a ɗura a buhu, domin ta fi cin wuri kaɗan, ganye ba ya zuba, kuma lodinta a mota ya fi sauƙi. Sai dai masu saye suna ƙorafin ana cakuɗa musu ƙasa da kara a cikin buhu, har wasu sun koma ba sa saye sai sun zazzage.

Ɗan_Auyo
Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ya kamata shugabannin kasuwa su sa ido. Na sayi buhun da ƙasansa rairayi ne zalla.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a, maganar algus a kasuwa tana da muhimmanci, amma a buɗe mata nata wuri. Mu koma kan tambayar Malam na Gabasawa.

Injiniya_Kazaure
To, akwai abin da ba a taɓo ba, kuma yana iya sa a zargi daɓe a banza, wato rufin kwanon. Da asuba kwano yana yin sanyi, ɗumin da ke tashi daga harawa ya same shi ya zama ruwa, ya riƙa ɗiga. Maganinsa shi ne tagogin iska a sama, a bango biyu masu fuskantar juna, a sa musu raga saboda tsuntsu da ɓera. Kada tuli ya kai ga rufi, a bar kamar mita ɗaya. Kada kuma ya jingina da bango, a bar tazarar da mutum zai iya bi ya zagaya, domin bangon bulo da ruwan gabas ke duka yana jiƙewa har ciki. A waje kuma a yi wa gindin ginin dakali mai gangara, ruwan indararo ya yi nisa da shi. Na san wannan zai rage yawan abin da ɗakin zai ɗauka, amma abin da aka cusa a jikin bango shi ne ke fara lalacewa.

Makiyayin_Gabasawa
Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru fiye da yadda na zata. Ga inda tunanina ya karkata. A bana harawa ta riga ta iso, kuma idan na zuba kankare yanzu sai na jira ya bushe, ga kuɗin buhu 15 zai cinye abin da zan sayi harawar da shi. Ina ganin zan yi ciko da marmara a daɓe kamar yadda Gwaggo ta bayyana, in jera bulo in ɗora itace kamar yadda Baba ya ce, in ya so baɗi idan ɗakin ya zama fanko sai a zuba siminti da leda a kan wannan cikon. Ko akwai wanda yake ganin kuskure a wannan tsari?

Magini_Wudil
Cikon ba asara ba ne, domin a kansa za a zuba kankaren, kuma zaman shekara guda zai sa ya ƙara danƙarewa. Amma ni ban natsu da barin ɗaki babu siminti ba alhali ga suri a jikin gida. Ko rabin ɗakin ne ka zuba a bana, wajen buhu 8, ka ware shi domin kason da za ka riƙe har damina. Kuma ka sani ko bayan kwana 28 sabon kankare yana ci gaba da fitar da ruwan jikinsa. Kafin ka ɗora komai, ka yanki leda kamar faɗin ƙaramar tabarma ka manne ta a kai ta kwana. Idan da safe ka ga ɗigon ruwa a ƙarƙashinta ko wurin ya yi duhu, bai shirya ba. Hajiya ma za ta iya yin wannan gwaji a nata ɗakin da damina.

Gwaggon_Ɓaɓura
Rabi siminti rabi daɓe, ai a mahaɗar nan gara za ta fito. Ni dai a ganina ya yi daɓen gaba ɗaya da kyau, ya samu makuba ta gaske, ya sa a tone surin nan a fitar da uwar garar tun kafin ya shigar da kaya.

Hajiyar_Kiwo_Kiyawa
Zan gwada ledar in Allah ya kai mu Agusta, in zo in faɗi abin da na gani. Malam na Gabasawa, duk wanda ka zaɓa, ka sa karan dawa ko tsohuwar ciyawa a sahun farko a kan itacen, harawar wake mai tsada ta hau sama. Kuma ka raba tulin gida biyu da hanya a tsakiya, domin ka fara cin wadda ta riga shiga. Ina da tambaya ga Malamin Gona: dammunan inji, a kwance ake jera su ko a kan gefensu?

Malamin_Gona_Minjibir
Sahun farko a kan gefensu, Hajiya, yadda igiyar ba za ta taɓa itacen ba, domin idan ta ruɓe ko ɓera ya yanke ta damin zai warwatse. Sahun da ke biye a gitta shi a kan na ƙasa don tulin ya kama juna, a bar 'yar tazara kamar faɗin yatsu biyu tsakanin dami da dami a makonnin farko. Kuma kada a haɗa su tuli ɗaya da harawar hannu, saboda nauyinsu yana murƙushe ganyenta.